Littafin aikin juye: zaɓen baƙin mai da sinadarin ƙari ga wani ƙaramin jirgi a Heipang

18 ga Nuwamba

Yau na karɓi makullin jirgin tare da littattafansa uku, na gangar jiki da na inji da na farfela, a rumfar jirage da ke filin jirgin sama na Yakubu Gowon a Heipang, kudu da Jos. Jirgin Cessna 172N ne ƙirar 1978 mai kujeru huɗu, injinsa kuwa Lycoming O-320-H2AD ne mai silinda huɗu da ƙarfin doki 160, irin wanda iska ke sanyayawa ba ruwa ba. Rabonsa da tashi tun ƙarshen Afrilu, wato damina ta zo ta wuce yana tsaye wuri ɗaya, saboda man afgas, wato fetur ɗin ƙananan jirage irin wannan, ya yi wuya, matuƙinsa na da kuma ya sami aiki a wani wuri. Alhaji mai jirgin yana so a mayar da shi aiki kafin shekara ta ƙare, ni kuma na ce masa ba zan sa hannu a kan komai ba sai na san abin da ke cikin injin.

Abu biyu na gani a littafin inji da suka hana ni sakat. Na farko, a farkon Fabrairu aka yi juyen ƙarshe, kuma ko da yake man bai yi aikin da ya wuce awa 31 ba, ya shafe wata tara a cikin inji. Takardar Lycoming mai lamba SB 480 ta ce a yi juye duk awa 50 ga injin da ke da filta, ko awa 25 ga mai raga kawai, ko duk wata huɗu, duk wanda ya riga cika. Masu jirage da yawa sun riƙe lissafin awa sun manta da na wata, alhali man da ya yi aiki yana ɗauke da ruwa da asid da ƙonewar fetur ta bari, kuma waɗannan ba sa jiran farfela ta juya kafin su fara cin ƙarfe.

Na biyu ya fi damuna. A juye biyu na ƙarshe babu inda aka rubuta cewa an zuba sinadarin LW-16702, wanda ake ƙara wa baƙin mai don hana ƙarfe cin ƙarfe. A yawancin injunan Lycoming zuba shi shawara ce, amma a wannan samfurin wajibi ne, domin tun farkon fitowarsa ya yi ƙaurin suna wajen ɓarewar tozayen kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawul, da fuskar tafet, wato ƙarafan da tozayen ke turawa, har hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, ta fitar da umarni mai lamba AD 80-04-03 a 1980 wanda ya tilasta amfani da shi.

21 ga Nuwamba

Da safe na tarar yaron aikina ya ɗora hannu a kan farfela zai juya ta don ya ji ko injin ya cije, na dakatar da shi. Injin da ya daɗe a tsaye man da ke jikin silinda da kamshaf ya tsiyaye, juya shi a bushe kuwa goge ɗan abin da ya rage ne a goga ƙarfe da ƙarfe. A injin Lycoming kamshaf yana sama da kiranshaf, don haka shi ne na farko da mai ke bari, shi ne kuma na farko da tsatsa ke kamawa.

Mun zubar da man a sanyinsa, ya ɗauki fiye da awa biyu yana ɗiga, baƙi wuluk, da wani toka-toka a ƙasan bokiti wanda dalma ce. Na yanka filta da abin yankanta, ba da zarto ba, domin zarto yana zubar da nasa garin ƙarfen ya rikita binciken. Na warware takardar cikinta, na matse man, na shimfiɗa ta a rana a kan benci, sannan na bi lungu-lungu da mayen ƙarfe. Ƙwayoyi biyar na samu, kowacce ba ta kai kan allura ba, adadin da bai kai a tayar da hankali a kansa ba.

Wani alherin wannan samfurin, duk da sunan da ya yi, shi ne ana iya zare tafet ɗinsa daga waje ba tare da an raba injin biyu ba. Mun zare duka takwas, muka leƙa tozayen da ƙaramar kyamara. Akwai ɗan ja-ja a kan biyu, amma babu rami, babu ɓarewa, alhamdu lillahi. Silinda ta uku ce ba ta tsira ba: bawul ɗinta na hayaƙi ya tsaya a buɗe tsawon damina, laima ta riƙa shiga ta salansa, tsatsa ta yi ramuka a bangonta ta yadda farce ma yana ji. Sai an sauya ta, wanda ke nufin zaɓen mai ya zama kashi biyu, man da za a zaunar da sabbin ringi da shi, wato su gogu da bangon silinda har su kama shi sosai, da man da za a ci gaba da aiki da shi bayan nan.

24 ga Nuwamba

Alhaji ya zo da direbansa ɗauke da galan biyu na baƙin man mota, irin na haɗin sinadari zalla da ake zuba wa babbar motarsa. Ya ce, “Injiniya, wannan ya fi kowane mai tsada a kasuwa, kuma ga shi a hannu, me zai sa mu jira na ƙasar waje?” Na ce, “Ranka ya daɗe, tsadarsa a mota take, a wannan injin kuwa guba ne,” sannan na ɗauko tsohon fulogi na nuna masa, domin bayani da abu a hannu ya fi shiga.

Injin da iska ke sanyayawa ana ƙera shi da sarari mai yawa tsakanin fistin da silinda saboda zafin da yake ɗauka, don haka dole ya ƙone wani ɓangare na mansa. Man mota yana ɗauke da sinadaran wanki masu ƙarfe, irin su kalsiyam, da kuma na zink, waɗanda idan suka ƙone suna barin toka a kan fistin da fulogi. Tokar nan tana iya yin ja kamar garwashi ta kunna fetur kafin lokacinsa, abin da ke iya huda fistin cikin ɗan lokaci. Shi ya sa man jirgi iri biyu ne kawai: tsurar mai marar ƙari mai mizanin SAE J1966, da mai sinadarin da ke riƙe datti a cikinsa ba tare da barin toka ba, mai mizanin SAE J1899.

Batun haɗin sinadari zalla kuwa an riga an gwada shi an gani. Afgas 100LL, mai launin shuɗi, yana ɗauke da dalma har giram 0.56 a kowace lita, wani ɓangarenta kuma yana zurarewa ta gefen ringi ya shiga baƙin mai. Man da aka tace daga ɗanyen mai yana iya riƙe ta har a zubar da shi, amma na haɗi zalla ba ya iyawa, sai ta kwanta ta zama laka ta toshe hanyoyi. Kamfanin Mobil ya taɓa fitar da irin wannan mai na jirage mai suna AV-1, ya janye shi daga kasuwa a 1994 saboda wannan matsalar. Alhaji ya yi shiru, sannan ya ce wa direba ya mayar da galan ɗin but.

27 ga Nuwamba

Na zauna da takardar Lycoming mai lamba SI 1014, wadda ta jera kaurin mai gwargwadon zafin iska. Lambobin man jirgi ninki biyu ne na SAE, ma'aunin kaurin mai da aka saba gani a man mota, a waɗanda muka fi amfani da su: 80 shi ne SAE 40, 100 shi ne SAE 50, 120 shi ne SAE 60. SAE 50 an sa shi ga yanayin da ya haura digiri 16 a ma'aunin Salsiyas, SAE 40 kuwa daga ɗan ƙasa da sifili zuwa 32, su kuma masu lamba biyu, 15W-50 da 20W-50, sun dace da kowane yanayi.

A Kano ko Maiduguri ba sai an yi dogon tunani ba, W100, wato mai lamba 100, ake zubawa mafi yawan shekara. Jos ce ta fita daban. A Disamba da Janairu sanyin asuba yana sauka kusa da digiri 10, wani lokaci ƙasa da haka, kuma duk wanda ya taɓa tsiyaya W100 daga gora a irin wannan safiya ya san yadda yake malala kamar zuma. A waɗannan sakanni na farko bayan tayar da inji, kafin mai ya isa kamshaf, ake yin mafi yawan ɓarna. Amma jirgin nan zai riƙa zuwa Yola da Abuja, kuma a Afrilu zafin Yola yana haura 40. Don zaunar da ringi na tsayar da shawara a kan lamba 80, shawarar man aiki kuma na ɗage ta zuwa Fabrairu.

29 ga Nuwamba

Na ba da odar kaya ta hannun wani dillali a Legas: katan ɗaya na tsurar mai lamba 80 mai gora 12, kowace gora kwat ɗaya, wato kusan lita ɗaya, a kan naira 310,000 har da kuɗin mota, gwangwani uku na LW-16702 a kan 95,000 kowanne, filta uku a kan 70,000 kowacce. Kuɗin silinda da afgas suna wani lissafi dabam. Awa 25 na farko za su ci kusan duro huɗu masu lita 200.

6 ga Disamba

Silinda ta iso, mun ɗaura ta, mun ɗaure kowane noti da sifanar awo. Baƙin mai bai zo ba.

9 ga Disamba

Katan ya iso ranar 5 ga wata ashe, yana ajiye a tasha, kuma da aka kawo shi na buɗe sai na ga W80 a jikin gora, ba 80 ba. Harafi ɗaya ne bambancin, amma wani mai ne dabam. A man AeroShell, W ɗin da ke gaban lamba alama ce ta cewa man yana da sinadarin riƙe datti, ba shi da alaƙa da W ɗin da ke cikin 20W-50, wanda ke nufin awon lokacin sanyi. Na kira dillalin na yi masa faɗa sosai, ya rantse cewa abin da ke ajiye ke nan, kuma tsurar mai sai bayan sati uku.

Kwana biyu na yi ina neman wanda zai ara mini tsurar mai, na kira abokan karatuna a Zariya da Kaduna, babu. A daren jiya na sake ɗauko SI 1014 don in ga ko akwai mafita, sai na karanta sakin layin da na tsallake a baya saboda ina ganin na san abin da ke ciki. Ƙa'idar da kowa ya haddace ita ce a zaunar da ringi da tsurar mai na awa 50 na farko ko har shan mai ya daidaita, amma takardar ta ware samfurin O-320-H da O-360-E ta ce ana iya tafiyar da su da kowanne daga cikin iri biyun, muddin an zuba LW-16702. Wato man da na yi kwana biyu ina jin haushinsa ya halatta tun ranar da ya iso. Na kira dillalin na ba shi haƙuri a kan tsananin maganata, duk da cewa kuskuren aikawa nasa ne.

12 ga Disamba

Mun zuba kwat shida da gwangwani ɗaya na LW-16702, wanda oza shida ne, wato kusan mililita 180, adadin da aka ƙayyade wa tukunyar mai mai ɗaukar kwat shida zuwa takwas. Sinadari ne na fosfet da ke yin wata 'yar fata a kan ƙarfe inda matsi ya yi yawa har mai ya gudu. Na sa safar hannu, na kuma sa yaron ya sa, domin ba abin da ake so ya taɓa fata ba ne. An ɗaure filta, an yi mata wayar kulle.

Kafin a tayar, na cire fulogin ƙasa na juya injin da sitata har allurar matsin mai ta motsa, sannan muka mayar da su. Ya tashi a bugu na biyu, matsin ya hau cikin sakan goma ya zauna a 75. Minti uku kawai muka bar shi a ƙasa, muka kashe, muka duba yoyo. Barin sabuwar silinda tana aiki a hankali a ƙasa yana sa mai ya gasu a bangonta ya zama kamar gilashi, ringi kuma ba za su ƙara zama ba.

16 ga Disamba

Hazo ya rufe filin kwana huɗu a jere, ko duwatsun da ke bayan titin jirgi ba a gani. Ba tashi.

18 ga Disamba

Tashin farko, awa biyu da minti goma, ni a kujerar dama. Tun daren jiya muka zauna da Kyaftin, sabon matuƙin, a kan wata matsala da Jos kaɗai ke jawowa. Ringi ba sa zama sai da matsi mai ƙarfi a cikin silinda, wato a tafiyar da inji a kashi 65 zuwa 75 cikin ɗari na ƙarfinsa, kuma Lycoming ta ba da shawarar kada tsawon da iska ke nunawa, wato wanda inji ke ji gwargwadon sirantar iska, ya wuce ƙafa 5,000. Filin Heipang kansa yana kan ƙafa 4,200 da 'yan kai, idan rana ta yi zafin digiri 30 kuwa, siraran iskar takan sa inji ya ji kamar yana ƙafa 7,000 tun bai bar ƙasa ba. Zagaye saman filin, kamar yadda ake yi a wasu wurare, ba zai ba mu ƙarfin da muke bukata ba.

Don haka muka tashi da ƙarfe bakwai da rabi, muka nufi kudu maso yamma, muka bar tsaunin ta wajen Hawan Kibo, muka sauko a hankali da wuta a inji don kada silinda ta yi sanyi farat ɗaya, muka yi ta kai-komo a kan filayen Lafiya a ƙafa 2,500. Zafin kan silinda ta uku ya fi na sauran da kusan digiri 40 na Faranhait a awar farko, daga baya ya fara sauka, alamar ringi sun soma kamawa.

23 ga Disamba

Awa shida da rabi ke nan. Jiya lissafi ya nuna injin ya sha kusan kwat ɗaya cikin awa ɗaya da rabi, na kwana da tunanin ko silindar ta lalace. Lycoming tana da lissafin iyakar shan mai: a ninka ƙarfin doki da 0.006, a sake ninkawa da 4, a raba da 7.4, wanda ga doki 160 ya kama kimanin rabin kwat a awa. Mun haura wannan iyaka.

Da safe na kwanta a ƙarƙashin jirgin na shafa cikinsa, hannuna ya fito sharkaf da mai tun daga bututun numfashin inji har kusa da wutsiya, kuma man fes yake, ba wanda ya ƙone ba. Na tambayi yaron nawa yake cikawa, ya ce, “Oga, har layin shida, kullum, don kada ya gaza.” Littafin matuƙi na wannan jirgi ya ce a tsaya a kwat biyar ga tafiyar da ba ta kai awa uku ba, domin abin da ya haura haka inji yana watsar da shi ta bututun, kuma kada a tashi da ƙasa da huɗu. Laifina ne da ban faɗa masa ba. Na kuma sa doka cewa ba a duba sandar awo sai da safe kafin tashi, jirgi yana tsaye a daidai wurin da ya kwana, domin awon da aka yi minti biyar bayan sauka yana nuna ƙasa da abin da ke ciki.

30 ga Disamba

Awa goma. Takarda ta ce juyen farko a awa 25, amma na zaɓi in yi ƙarin juye yanzu don fitar da garin da ringi suka goge. Filta ta nuna ɗan ƙyalƙyali kamar yadda ake tsammani. Na ɗebi samfur a tsakiyar zubar mai, yana da zafi, na aika wa wani ɗakin gwaji a Amurka, kuɗin gwaji da na aikawa naira 88,000. Gwangwani na biyu ya shiga.

8 ga Janairu

Kyaftin ya kawo ƙorafi cewa zafin mai ba ya wuce digiri 155 na Faranhait a tashin safe. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ana so ya kai kimanin 180 a geji, saboda a nan ne ruwan da ya taru cikin mai ke tafasa ya fita. Geji yana auna mai ne a inda yake shiga inji bayan ya huce, a wurare mafi zafi kuwa ya fi haka sosai. Man da ba ya zafi yana komawa rumfa da ruwansa.

Kafin in taɓa na'urar sanyaya mai sai na gwada gejin kansa. Na cire bakin awon, na haɗa masa waya, na tsoma shi a butar shayin masu gadi tana tafasa. Yaron ya ce ya kamata ya nuna 212, na tuna masa cewa a tudun Jos muke, inda ruwa ke tafasa a kusan digiri 96 na Salsiyas, wato kimanin 204 na Faranhait. Gejin ya nuna 190. Ashe ƙarya yake yi da digiri 14, ainihin zafin man yana kusa da 170, wanda ya shiga tsakanin 165 da 200 da Lycoming ke so. Na ba da odar sabon bakin awo a kan naira 120,000.

22 ga Janairu

Sakamakon gwaji ya zo. Ƙarfe da kuromiyam sun ɗan hau, abin da ba mamaki ga sabuwar silinda, dalma kuma tana da yawa kamar kowane injin da ke shan afgas. Silikon ne ya fito fili, kusan ninki uku na abin da ɗakin gwajin ya saba gani a irin wannan inji. Yana iya fitowa daga man liƙi da gaskit na sabon aiki, yana kuma iya zama ƙura, mu kuwa a tsakiyar hunturu muke, inda ƙurar hamada ke kwanciya a kan fiffike cikin dare ɗaya har a iya rubutu da yatsa.

Filtar iska lafiya take. Na cire akwatin iskar da ke ƙarƙashin kafireto, na haska tocila ta baya, sai ga haske yana fitowa ta gefen murfin da ke buɗe hanyar iska mai ɗumi. Robar bakinsa ta cinye, sandarsa kuma tana girgiɗi. Iskar da ke bin wannan hanya ba ta ratsa filta, don haka duk lokacin da injin ke aiki yana zuƙar ɗan hazo kai tsaye. Na shafa yatsa a cikin akwatin, ya fito da jan gari mai laushi kamar hoda. Da na tambayi Kyaftin, ya ce ya saba barin ɗumin kafireto a buɗe bayan sauka har ya iso rumfa. Na roƙe shi ya riƙa rufewa da zarar tayoyi sun taɓa ƙasa, gwajin kafin tashi kuma kada ya wuce 'yan sakanni.

Sati biyar ina auna W80 da W100 da 20W-50, ashe yashi yana shiga ta wata kafa da ko ƙaramin yatsa ba zai shiga ba, kuma babu ɗaya daga cikin man nan da zai hana shi cin ringi. Gyaran akwatin ya ci naira 46,000 da yini biyu.

6 ga Fabrairu

Awa 26. Shan mai ya tsaya a kwat ɗaya cikin awa tara, tashi huɗu a jere bai canza ba, zafin silinda ta uku ya yi daidai da na 'yan uwanta, matsinta kuma 76 bisa 80, wato iska kaɗan ce ke zurarewa. Ringi sun zauna, lokacin zaɓen man aiki ya yi.

Uku na auna, dukkansu an riga an haɗa musu sinadarin da umarnin 1980 ya nema, an kuma amince su maye gurbin gwangwanin. Wannan yana da amfanin da ban lura da shi ba sai da na ga yaron yana ciko: duk kwat ɗin W80 da aka ƙara tsakanin juye yana tsinka sinadarin da ke ciki, amma idan man ya zo da abinsa, ciko ba ya rage komai. AeroShell W100 Plus yana da kyau ga bazara, masu son sa kuma suna cewa ya fi daɗewa manne da ƙarfe idan jirgi yana ajiye, amma kaurinsa a safiyar Jos ya fitar da shi. AeroShell W15W-50 yana gudu da sauri a sanyi, injuna masu yawa kuma suna aiki da shi lafiya, sai dai wani ɓangarensa haɗin sinadari ne, ni kuma ga tsohon inji mai silinda uku da suka kwana biyu, wanda ke tura dalma da yawa cikin tukunya, na fi natsuwa da man da aka tace gaba ɗaya. Na tsaya a kan Phillips 66 Victory AW 20W-50. Katan biyu sun kama naira 690,000, yau kuma muka yi juye da shi, muka ɗebi samfur na biyu. Idan ya yanke a kasuwa, duk man da ke da mizanin J1899 yana haɗuwa da ɗan uwansa, don haka ba za mu tsaya ba.

Na rubuta sunan man da lambar umarnin a littafin inji dalla-dalla, saboda ranar da masu binciken hukumar jiragen sama ta Najeriya, NCAA, za su buɗe shi. Gwangwani na uku ya koma kabad, ba a haɗa shi da man da ya riga ya zo da nasa.

19 ga Fabrairu

Alhaji ya dawo daga tafiya da kwalba biyu na CamGuard da wani abokinsa ya yaba masa, direban kuma ya ƙara da tasa shawarar a kan wani maganin inji mai kauri da ake sayarwa a bakin titi. Na biyun na kore shi nan take, domin ba a san abin da ke cikinsa ba, kuma babu takardar da ta yarda a zuba shi a jirgi.

CamGuard kuwa abin a zauna a duba ne. An yi shi musamman don injunan jirage, babban aikinsa hana tsatsa, ana zuba kashi biyar cikin ɗari, wato oza 1.6 ga kowane kwat, kuma FAA ta karɓe shi. Amma ba ya maye gurbin LW-16702, ba a zuba shi lokacin zaunar da ringi, kuma ba ya cikin abin da Lycoming ta sa a takardunta. Na ce wa Alhaji, “Ranka ya daɗe, a ajiye su zuwa damina. Yanzu iska a bushe take, jirgin kuma yana tashi sau biyu a sati.” Ya tambaya ko zuba shi zai sa a iya barin jirgin a tsaye wata uku ba damuwa, na ce a'a. Takardar Lycoming mai lamba L180 ta ce a tashi aƙalla awa ɗaya cur cikin kowane kwana 30 da mai a cikakken zafinsa, kuma tayar da inji a ƙasa ba ya zama madadin haka, yana ma ƙara ruwa a ciki. Idan tsayuwa za ta wuce haka, sai a zuba man adanawa, a sa fulogin tsotse laima, a toshe salansa da bakin iska.

7 ga Maris

Sakamako na biyu, na samfurin 6 ga Fabrairu, ya nuna silikon ya sauka da kusan rabi duk da cewa mafi yawan awannin wannan man an yi su ne kafin gyaran akwatin iska, abin da ke nuna man liƙi ma yana da nasa kason a hawan farko. Ƙarfe ya fara sauka. Samfur na uku ne zai raba gardama, domin shi ne na farko da zai fito daga inji marar kafa.

Yanzu awa 44 tun ɗaura silinda, 18 a kan sabon man. Sabon geji yana nuna 185 a tashin rana, matsi 72. Juye na gaba zai faɗo ranar 6 ga Yuni ko a awa 76, amma na matso da shi zuwa ƙarshen Afrilu don jirgin ya shiga damina da sabon mai, a ranar ne kuma za a zuba CamGuard na farko a ɗebi samfur na uku. Alhaji ya amince a ware duro ɗaya na afgas wanda ba za a taɓa shi don tafiya ba, sai don tashin awa ɗaya duk sati idan mai ya sake yin wuya. A juyen Afrilu zan sake zare tafet biyun nan masu ja-ja in duba fuskarsu.